Shekarar da Wesley Ya Makara

Duk garin Lipa babu wanda bai san Giwa ba. Tanderun gashin nama ne da tsoho Emil Marek ya ƙera da hannunsa daga wani tsohon tankin gas, tun yana da ƙarfin ɗaga guduma. Ya yi mata gidan wuta a gefe guda, ya kafa mata dogon bututun hayaƙi a ɗaya gefen, ya ɗora ta a kan tayoyi don a riƙa jan ta da mota. Bututun nan ne ya jawo mata suna. A cikinta Emil ya gasa ƙirjin sa da ya yi ta cin kofin gasar garinmu har mutane suka gaji da tafa masa, kuma duk yaron da ya tashi a wannan yanki na Texas ya san ƙamshin hayaƙinta kafin ya iya karatu.

Yanzu Emil ya tsufa. Gwiwa ta ƙi, matarsa ta rasu, an sayar da gona, shi kuma ya koma zama a gidan ƙaramin ɗansa, Wesley. Giwa ce kaɗai ta rage ba a san inda za a kai ta ba. Ranar Ista, ana tsakiyar cin abinci, tsohon ya goge baki ya yanke hukunci.

"Ba ta rabuwa biyu, kuma ba na son ƙorafi. A gasar bana, wanda namansa ya fi na ɗan'uwansa a wurin alƙalai, ya ja ta ya tafi."

Wesley ya yi dariya ya ci gaba da cin dankalinsa. Alvin kuwa, babban ɗan, nan take abincin ya fita ransa.

In wahala za a bi, ai Giwa ta Alvin ce tuntuni. Shi ya faskara mata itace tun yana ɗan makaranta, shi ya kwashe tokarta, shi wutarta ta taɓa lashe wa gira. A lokacin Wesley yana can yana bin ƙwallo da 'yan mata. Daga baya ya tafi Houston ya yi shekaru yana sayar da na'urar sanyaya ɗaki, ya dawo da tumbi da dariya, ya sayi wani tanderu na hannu mai tsatsa, kuma a shekararsa ta farko ya doke Alvin. Tun daga nan Alvin bai ƙara ganin gabansa ba a ɓangaren ƙirji. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yaron ba ya ma wani ƙoƙari. Alvin yana da ma'aunin zafi har huɗu, yana da allurar ɗura wa nama romo, yana sayen sa daga wurin makiyayin da ya san kakannin kowane sa. Wesley kuwa gishiri ne da masoro, sai ya danna nama da yatsa ya ce ya yi. Hassada dai, mu kira ta da sunanta, ta daɗe tana cin Alvin. Ita ce ma ta hana shi zuwa gaida ubansa yadda ya kamata, don ba ya iya zama a falon Wesley ya ga tsohon yana dariya a ciki.

Ranar Juma'a da yamma, jajibirin gasar, filin bayan coci ya cika. Motoci suna shigowa da baya-baya, kowa yana jan tanderunsa, ana kafa rumfuna, ana sauke itace, ana zolayar juna kan wanda ya ƙone kaza bara. Misis Kubala, wadda take riƙe da gasar nan yadda take riƙe da mijinta, tana bi rumfa-rumfa tana buɗe kula. Dole ta ga nama ɗanye, ba gishiri ba yaji, kafin ta ba mutum farin akwatinsa da izinin hura wuta.

Wesley ya kafa rumfarsa can ƙarshen fili, bakin rafi, saboda tsoho yana son inuwa. Wurin ya yi nisa da zauren coci inda alƙalai suke zama, ga janareta a tsakani yana ruri, ko lasifika ba a ji. Ƙirji kaɗai ya shiga bana, ya ce ba zai iya kula da kaza da haƙarƙari da Baba a rana ɗaya ba. Da Misis Kubala ta gama duba namansa sai ya leƙo rumfar Alvin, wadda ita ce mafi kusa da tasa.

"Babban yaya, zan mayar da Baba gida ya sha magani. Ka tsaya mini a taro, in an ce wani abu sabo ka gaya mini."

"Me za a ce? Karatun bara ne za a maimaita."

"To ka saurara da kyau, ko bana ka gane shi." Ya yi dariya ya wuce, Alvin ya bi shi da tsaki.

A taron masu gashi Misis Kubala ta hau kan benci ta karanta musu abin da kowa ya haddace. "Wutar itace ko gawayi, ban da gas, ban da lantarki. Kowa a tanderunsa. Yanka bakwai a farin akwatin da na ba ku, ba ganye, ba miya, ba ado. In na ga ko tsinke a akwatinka, ka fita. Rabin tikiti yana manne a murfi, rabi a aljihunka, in ka ɓatar kada ka zo mini da kuka. In na rufe ƙofa na rufe, ko Fada limamin coci ne a bayanta." Aka yi dariya a inda aka saba yi. Sai ta ɗaga hannu. "Ku tsaya, akwai sabo. Akwai biki gobe, masu aure suna son zauren da wuri don su yi ado. Kaza da haƙarƙari suna nan yadda suke. Ƙirji an dawo da shi ƙarfe biyu, ba uku ba."

Wuri ya kaure da gunaguni, don awa guda a gashin ƙirji ba wasa ba ce. Ta bar su suka gama, sannan ta duba fuskoki. "Ina Wesley Marek?"

Alvin ya ɗaga hannu. "Ya kai Baba gida. Zan gaya masa."

Kuma a lokacin har zuciyarsa ya faɗa. Yana komawa ma ya ciro waya. Sai idonsa ya sauka a kan Giwa. Tsoho ne ya ce a kawo ta fili don wanda ya ci ya ja ta a gaban jama'a, Wesley kuma shi ya jawo ta. Sun tafi gida a motar matarsa Patsy, sun bar tasa a nan, Giwa tana maƙale a bayanta da sarƙa da komai. Ko kwance ta bai yi ba. Me zai sa ya wahalar da kansa, tunda ya san gobe da ita zai koma? Alvin ya daɗe yana kallon sarƙar nan, sannan ya mayar da waya aljihu ya ce ai gobe ma rana ce, da safe zai gaya masa.

Da gari ya waye hayaƙi ya rufe filin. Alvin ya gyara wutarsa, ya fesa wa namansa ruwan tuffa, ya nufi bakin rafi da maganar a bakinsa. Tsoho yana zaune a kujerarsa mai naɗewa, hula a ka, sanda a tsakanin gwiwoyi. Yana hango shi fuskarsa ta buɗe.

"A'a! Yau wa nake gani? Patsy, zuba wa Alvin gahawa. Ba shi kolaci ɗin nan mai cuku, shi yake so tun yana yaro."

Patsy ta miƙo masa burodin da ɗuminsa. Alvin ya buɗe baki ke nan, tsohon ya kama hannun rigarsa ya nuna bututun tanderun Wesley da sanda.

"Dubi hayaƙin nan. Ka gani? Siriri, shuɗi-shuɗi, kamar ba ya so ya fito. Haka nawa yake fita. Ni ban koya masa ba, ka sani. Wannan ba a koya wa mutum."

"Itace ne busasshe, Baba," in ji Alvin. "Kowa ya samu busasshen itace haka zai gani."

"To ka samu mana," in ji Wesley daga bayan tanderu. "An ce wani abu jiya?"

Alvin ya cusa sauran kolaci a baki, ya ɗaga kafaɗa, ya yi ta tauna. Kafin ya haɗiye, Wesley ya sunkuya yana gyara garwashi, tambayar ta wuce. Alvin ya ce bari ya je ya duba wutarsa.

Matarsa Darlene ta biyo da sauri za ta rumfar matan coci inda take sayar da kek. Ita ya gaya mata canjin lokaci, don ita take taya shi shirya akwati.

"Ka gaya wa Wesley?"

"Daga can nake," ya ce, yana duban ma'aunin zafi.

Ya kai wa alƙalai kazarsa da tsakar rana, ya dawo ya kasa zama. Ko wani ya bi ta can ya gaya musu? Garin nan ba a rasa mai dogon baki. In sun ji, gara ya riga kowa ya ce mantuwa ya yi. In ba su ji ba, to, zai gaya musu yanzu, akwai sauran lokaci. Da haka ya sake nufar bakin rafi, shi kansa bai san wanne yake fata ba.

Ya tarar Wesley ya ciro namansa daga takardar mahauta yana dubawa. Alvin bai so ya kalla ba, amma ido ya riga shi. Ɓawon ya yi baƙi wuluk yana ƙyalli, naman yana rawa a hannu kamar kitse. Sannan ya lura kujeru sun zama uku a inuwar.

"Zauna," in ji tsohon yana bubbuga sabuwar. "Na sa Patsy ta ɗauko maka a mota. Mutum ya riƙa tsayawa a kaina kamar mai karɓar haraji."

Ya zauna. Tsoho ya shiga ba Patsy labarin ranar da Alvin ya buɗe gidan wutar Giwa da ƙarfi, wuta ta yi tsalle ta kwashe masa gira, ya je coci ran Lahadi uwarsa ta zana masa wata da fensirinta. Patsy ta yi dariya har da hawaye. "Amma bai gudu ba," in ji tsohon. "Da girar da babu ya koma ya ƙara itace. Wannan kuwa," ya nuna Wesley, "da ko ƙauri ya ji sai ka neme shi a gari." Alvin ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi. Rabon da ubansa ya yabe shi a gaban Wesley har ya manta. Ya gyara zama, ya gyara murya, maganar ta hau harshensa.

"Wesley," in ji tsohon, yana leƙen Giwa, "tayarta ta hagu tana sacewa. In an koma gida ka tuna ka duba ta."

"To, Baba."

In an koma gida. Ba a yanka nama ba, alƙalai ba su zauna ba, amma tsoho ya riga ya san gidan da za ta kwana. Mai hankali zai ce ai wanda ya jawo ta shi ake gaya wa zancen taya. Alvin ba ya cikin masu hankali a wannan lokacin. Ya miƙe ya ce haƙarƙarinsa yana jiran sa.

Zuwansa na uku ba shi da wani uzuri ko a wurin kansa. Ya kai haƙarƙari, ya dawo, ƙafa ta wuce rumfarsa ta kai shi. Ƙirji in ya nuna ba a yanka shi nan take. Ana naɗe shi a sa a kula ya huta, romonsa ya koma jikinsa, kuma mai gashi yakan ja hutun nan har dab da lokaci. Wesley ya miƙe ƙafafu a kan kularsa, hula a fuska, gwangwanin giya a kan tumbi.

"Yana ciki yana barci," ya ce yana bubbuga murfin da dunduniya. "Sai uku ta kusa zan tashe shi. Naka fa, babban yaya, ka gama yi masa allura? Ya farfaɗo?"

"Yana nan."

"Zauna mana," in ji tsohon. "Kujerarka ce. Akwai lokaci, ko?"

Alvin ya dubi ubansa, ya dubi ƙafafun nan biyu a kan kula, ya dubi sarƙar Giwa.

"Akwai," ya ce.

Da Darlene ta zo suka buɗe nasa, wuƙa ta shiga kamar ba ta taɓa komai ba. Ya ɗora yanka guda a yatsa, ya lanƙwasa ya rataya bai tsinke ba, ya ɗan ja shi ya rabu. Ɓawo baƙi, jan layin hayaƙi a ƙarƙashinsa, romo yana tsattsafowa. Darlene ta ɗauki gutsure ta sa a baki ta tsaya.

"Alvin, bai taɓa fita haka ba. Na rantse, tun da na aure ka."

Ya jera yanka bakwai, ya goge gefen akwatin kada ɗigon mai ya zama alama, ya rufe, ya yage rabin tikitinsa. Hanyar zaure tana bi ta fili inda za a hango shi daga bakin rafi. Ya zagaya ta bayan motoci yana riƙe da akwatin da hannu biyu.

Misis Kubala ta buɗe, ta ƙirga, ta rufe, ta tura ciki. Ya kamata ya tafi, amma ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon masu zuwa da fararen akwatuna, kowa yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Layi ya ragu. Ta dubi agogonta ta ɗaga murya ta ce saura kaɗan. Can sai aka ji wani yana ƙwala kira daga tsakiyar fili: "Wesley! Kai Wesley! Barci kake? Ana rufe ƙofa!"

Daga inda yake Alvin ya ga ƙaninsa ya zabura, kula ta buɗe, Patsy ta ruga ta ɗauko katako da wuƙa. Bai taɓa ganin an yanka ƙirji da irin wannan saurin ba. Sai ga Wesley a guje, mutum mai tumbi da shekara hamsin, akwati a gaba ya ƙi yarda ya karkace, mutane suna darewa suna ihu suna ba shi ƙarfi. Ya wuce janareta, ya wuce rumfar kek. Yana hawa matakalar zaure Misis Kubala ta ja ƙofa ta rufe ta jingina bayanta da ita.

"Misis Kubala..." Haki ya hana shi ƙarasawa.

"Wesley, ka san doka. Da zan buɗe wa wani, kai ne. Ba zan buɗe ba."

"Ba uku ba ne?"

"Biyu. Jiya na faɗa a taro, har na tambaye ka." Ta juya ta dubi Alvin. "Yayanka ya ce zai gaya maka."

Alvin ya ji kunnuwansa suna zafi. Ya shirya jin zagi, ya ma shirya karɓar naushi, kuma da ya fi masa sauƙi. Wesley ya dube shi, kallo guda, ba mai tsawo ba. Sai ya bugi goshinsa ya yi wata 'yar dariya.

"Kai, ya gaya mini da safe. Ni ne kaina ya tafi kiwo. Tsufa ya fara, Misis Kubala."

Aka saki numfashi, aka hau yi masa tsiya, ya sauka da akwatinsa yana amsawa. Alvin kuwa ji ya yi kamar ya shaƙe shi. Ko a nan ma sai da yaron ya fi shi. An cuce shi a gaban jama'a, amma shi ya tafi da yabo, har wata tsohuwa tana cewa Allah sarki Wesley.

A bayan ƙofa alƙalai suka hau aiki. Mutanen gari ne, mai aski da malamar makaranta da mai kai wasiƙa da ire-irensu, ban da dangin masu gashi. Ba a magana. Akwati ya zo gabanka, ka duba, ka sansana, ka yanki loma guda, ka ba da maki, ka tura gaba, ka kurkure baki da ruwa. Ba wanda ya san na wane ne. Wahalar kwana da yini, a loma guda ake yanke mata hukunci.

A waje kuwa wata shari'ar ake yi. Wesley ya yanka sauran namansa a kan katako ya ce kowa ya zo ya ci, tunda alƙalai ba su da rabo. Masu gashi suka bar rumfunansu suka yi layi a bakin rafi. Alvin yana zaune a tasa yana goge wuƙar da ta riga ta goge, yana jin su suna dawowa suna lasar yatsu. "Kai, da an karɓi wannan..." "Bana an kuɓuta." Darlene tana tattara kaya, tun da ya dawo daga zaure ta juya masa baya.

Saboda masu biki, a waje aka yi rabon kyauta, a kan bayan tirela. Ana kiran lambar tikiti ne daga na goma zuwa sama, wanda ya ji tasa ya ɗaga rabinsa, sai a lokacin ake sanin mai nama. Saboda haka kowa yana so a kira shi, kowa kuma yana addu'a kada a kira shi da wuri. Alvin ya tsaya da tikitinsa ya jiƙe da gumi. Ba ya buƙatar komai, ko ba a kira shi ba ya riga ya fi wanda ba a karɓi nasa ba. Aka kira na goma, aka yi ta hawa. Aka wuce na biyar, inda ya taɓa kaiwa sau ɗaya. Aka kira na uku, aka kira na biyu, wani ya yi ihu ya jefa hula sama. Misis Kubala ta karanta lambar ƙarshe, ba wanda ya motsa. Ta maimaita. Darlene ta zungure shi da gwiwar hannu ba tare da ta dube shi ba.

Na ɗaya. Kofin da sunan ubansa ya cika gindinsa, yau ga shi a hannunsa, ya fi yadda ya zata nauyi. An tafa masa, ba laifi. Amma yana saukowa ya ji wani a baya yana cewa, "Ai shekarar da Wesley ya makara ce," wani ya amsa da dariya. Nan abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Namansa ya doke na kowa a filin nan, a makance, ba sani ba sabo. Wataƙila da ya doke na Wesley ma. Wataƙila yau ce ranar da ya yi shekaru yana jira, ta zo da ƙafarta, shi kuma ya hana ta shigowa.

Dole ya ɗanɗana naman nan. Loma guda ta ishe shi, harshensa ba zai yi masa ƙarya ba. Ya rungumi kofi ya nufi bakin rafi yana sauri.

An kwance Giwa. Wesley ya janye motarsa gefe, ya tokare tayoyin da dutse, ya naɗe sarƙar ya ajiye a kai, yana can yana loda itacen da ya rage, bai juyo ba. Katako babu komai sai mai da ɓurɓushin masoro. Tsoho yana zaune inda yake tun safe.

"Mu gani," ya ce. Alvin ya miƙa masa kofin. Ya juya shi, ya shafa sunayen da ke gindi da babban yatsa, ya mayar masa. "Na ɗaya. Ga ta can, taka ce. Na faɗa, ba na janyewa. Ka duba tayar hagu."

"Baba, naman Wesley, babu saura?"

Tsohon ya nuna kujera ta uku da sanda. Akwai farantin takarda a kanta an rufe da tsumma. "Na ƙwace maka yanka guda kafin su cinye. Na yi ta jira ka zo."

Alvin ya ɗaga tsumman. Naman ya huce tun tuni, kitsen ya daskare ya yi fari, gefen ya bushe. Ya gutsura ya tauna. Ƙirjin da ya huce duk ɗaya ne, na gwani da na ɗan koyo. Ya yi ta tauna bai ji komai ba sai gishiri.

"Wesley ya ce ka gaya masa," in ji tsohon a hankali. "Ni ina nan zaune tun safe. Gwiwa ce ta mutu, Alvin, kunne yana nan."

Alvin ya mayar da tsumman ya rufe farantin.

"Sau uku ka zo yau. Rabonka da ka zo wurina sau uku a wata ma na manta. Na ce wa Patsy, kin gani, yaron nan ya dawo, ɗauko masa kujera." Ya dafa sanda ya yi yunƙurin tashi. Alvin ya miƙa hannu, amma kofi yana ɗaya, faranti yana ɗaya, kafin ya ajiye Wesley ya iso ya kama tsohon ta hammata. Da ya daidaita a kan ƙafafunsa sai ya dubi babban ɗansa, ba faɗa a fuskarsa, sai gajiya.

"Na zaci wurina ka zo."

Patsy ta naɗe kujeru biyu ta sa a mota. Ta zo kan ta uku ta tsaya tana jira, har Alvin ya gane ya matsa, ta naɗe ita ma. Daga zaure kiɗan masu biki ya tashi.

Ɗaura tanderu a bayan mota aikin mutum biyu ne, ɗaya yana tuƙi da baya, ɗaya yana tsaye yana cewa dama, hagu, tsaya. Alvin ya kawo motarsa, ya ja da baya, ya fito ya duba, ya kauce. Ya koma ya gyara, ya sake fitowa, ya sake kaucewa. A madubi yana hango motar Wesley tana fita daga fili a hankali saboda ramuka, hular tsoho a kujerar gaba.